Atamfar Shafa'atu

Shekarar da auduga ta yi albarka, Mudi na Maska ya kai tasa Funtua, ya sayo wa 'yarsa Shafa'atu turmin atamfa. Da la'asar aka warware shi a tsakar gida. Wani wari ya tashi, kamar kananzir gauraye da kafur ɗin wankan gawa. Uwar yarinyar, Rakiya, ta ce warin kanti ne. Ta wanke da sabulun salo, ta jiƙa a ruwan toka. Warin sai ƙaruwa.

Ranar da Shafa'atu ta ɗaura zanen, ana kiran magariba tsakuwa ta fara sauka kan rumbu. Mudi ya zagaya bayan danga, babu kowa. Da ya dawo, ya tarar da yarinyar zaune ta cusa fuska cikin zanen, tana rarrashinsa kamar jariri. Kwana shida ba ta ci, ba ta amsa sunanta.

Aka ɗauko Malam Aƙilu daga Ƙarfi. Ya daɗe yana karatu kafin bakinta ya buɗe, da muryar tsohuwa.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Mai kayan. A siton Funtua nake. Ɗana ya mutu, na shafe shi da kafur, na naɗe shi a turmin nan."

"Ba su sani ba. Za a mayar miki."

"Sun yanka, sun wanke. Warinsa kaɗai ya rage mini, ita kuma ta shaƙe. Da hancinta zan tafi."

Mudi ya ce ta ɗauki ragonsa. Ta ƙi. Ya ƙara da saniya. Malam ya koma karatu har muryarsa ta dishe, tsohuwar tana kuka, amma ba ta gusa ba. A ƙarshe ya dubi Mudi.

"Iyakar abin da Allah ya ba ni ke nan."

Mudi ya sunkuyar da kai, ya ce, "To."

Shafa'atu ta yi atishawa uku, ta nemi ruwa. Aka binne zanen a bayan gari.

Washegari Rakiya ta murje daddawa a tafinta, ta kai hancin 'yarta. Yarinyar ta ja numfashi, ta sake ja.

"Inna, me kika ce in shinshina?"