Laka a Hannun Nentawe

"Wane ne wancan da yake ɗaga miki hannu?"

Mama ce take tambayar 'yarta Celestina. Suna tsaye ne a dandalin bakin tsohuwar hanyar ruwa ta Birmingham, gindin mutum-mutumin da aka kafa don tunawa da leburorin da suka haƙa ta da diga da shebur. 'Yan zumuntar mata sun taho daga Handsworth ɗaukar hoto, kowacce ta sha ɗauri. Zoe, 'yar ƙanwar Mama, ita ta zaɓi wurin, kuma ba don Allah ta zaɓa ba. Ta daɗe da sa wa Nentawe, saurayin Celestina, ido, ta kuma san yau shi da abokan aikinsa suke yashe ruwan.

Ga shi nan yana hawowa, laka har gwiwa, baki har kunne. Nentawe, wanda Celestina ta shekara tana gaya wa Mama injiniya ne mai ofis a Manchester.

"Ban... ban san shi ba, Mama."

Ya ji. Murmushin ya mutu a fuskarsa.

"Haba, sister," in ji Zoe, har da wani lanƙwasa murya. "Ba fiancé ɗinki ba ne?"

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, amma ta Celestina a gaban mata ashirin ta zaɓi kaɗewa. Ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa.

Mama ta miƙa wa Zoe jakarta, ta taka har gabansa, ta kama hannunsa da lakar da komai.

"Ɗana, sannu da aiki. Ubana kuza ya haƙa a Bukuru shekara talatin. Da hannu irin wannan aka kai ni makaranta." Ta waiwayo. "Ke kuma, wa ya ce miki ofis nake nema miki?"

Babu wanda ya ce mata haka. Ita ta ji kunyar aikinsa, ta laƙa wa Mama, kuma wannan ne ya fi ci mata rai.

"Nen, masoyina, please ka saurare ni..."

"Sau uku na ce zan zo gaisuwa," ya ce a hankali. "Kika ce Mama tana night shift. Kika ce ba ta da lafiya. Har addu'a na yi mata, Celestina."

Hawaye suka ɓalle mata. "Na yi kuskure. Zan gyara, na rantse."

"Kuskure sau ɗaya ake yi."

Ya rusuna ya gaida Mama kamar yadda ya daɗe yana son yi, sannan ya juya.

"Ranar Lahadi ka zo ka ci tuwo," Mama ta ce.

"Na gode, Mama. Da a ce bara aka gayyace ni."

Ya sauka ya koma cikin abokan aikinsa. Celestina ta riƙe ƙarfen bakin ruwan tana kiran sunansa har mata suka fara hawa bas, bai ɗago ba.