Muryar Inna a Kaset

"Ka ba Baba kaset ɗin nan, Hambali!"

"Zahara'u, rabin raina, shi ne fa ƙashin bayan bincikena..."

"Ni kuma uwata ce a ciki!"

A bakin makarantar da nake koyarwa a Birnin Kudu muke wannan cacar baki, raina kamar ya fita don takaici.

Hambali digiri na biyu yake yi a aikin jarida, yana binciken abin da matan karkara ke saurare a rediyo. Namiji ba ya shiga gidan mutane, don haka ni na riƙa saɓa rikodarsa ina bin gidajen garinmu Gwaram. Son shi ya sa, in ba haka ba wa zai ɗauki wannan jibgegen akwati?

Har Innarmu Hapsatu na tambaya. Ta ce ita shirin gaishe-gaishe take jira, ko za ta ji saƙon yayana da ya ɓata da Baba ya tafi Legas, shiru har yau. Sai ga Inna ta kama sunansa, "Sada," ta fashe da kuka. A gidanmu na Fulani uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari. Tun da aka haife ni ban taɓa ji a bakinta ba.

Shi kuwa ɗan bokon nawa, ranar da ya je gaida Baba Maikano, don burge surukai ya kunna kaset a zaure, ga baffanni zaune! Muryar Inna ta cika ɗakin. Baba ya tashi ya shige gida, ya aiko cewa a kawo kaset, ko a manta da zancen aure.

"Malamina ya ce bai taɓa jin hira irinta ba," in ji Hambali. "Zan sakaya sunanta, wallahi."

"Kukanta ma za ka sakaya? Kai fa ka iya karatu, amma ba ka san mutane ba!"

Na juya na bar shi tsaye. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo, don ina son shi, kuma haushinsa nake ji.

Ranar kasuwar Gwaram sai ga shi a babur a ƙofar gidanmu, fuska duk ta faɗa. Na laɓe a bayan zana. Ya durƙusa ya ajiye kaset gaban Baba.

"Na yi kuskure, Baba. Ga shi, a ƙona."

Baba ya daɗe yana juya abin a hannu.

"Kunna."

"Na'am?"

"Na ce kunna, mu biyu ne."

Muryar Inna ta sake tashi. Da ta zo kan sunan, Baba ya ja rawani ya rufe fuska. Sai da ta ƙare ya cire kaset ɗin ya zura a aljihu.

"Wannan ba na makaranta ba ne, ka nemi wani. Kai da ka san mutanen rediyo... saƙo yana kaiwa Legas?"

"Yana kaiwa, Baba."

Baba ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita.

"Ka ce su faɗa wa yaron nan ya zo gida. Za a ɗaura auren ƙanwarsa."