Bakin Aljani

Wallahi ko rantsuwa na yi muku ba za ku yarda ba, amma ni nan, da ko sakandare ban ƙarasa ba, na saukar da aljani a gidanmu har malam ya yi ciniki da shi.

Tun da idon Inna ya yi rauni, ni ke karanta mata labarai a waya da yamma, tana sa min albarka. Sai Auta ya gama jami'a ya dawo. Ya haɗa wata manhaja mai aiki a kowace irin waya, ya cusa wani ɗan ƙari a cikinta. Da an saka manhajar, sai ƙarin ya maƙale wa burauza, wato abin buɗe shafukan intanet, duk shafin da aka buɗe ya karanta shi da murya. Inna ta daina nemana. "Autana ya koya wa waya karatu," haka take gaya wa duk wanda ya shigo.

Na lura ya bar shafin gwaji a buɗe a wayarta. Abin da aka rubuta a can, ko daga wace waya, shi wayar Inna ke faɗa. Na kwafe adireshin.

Rana ta faɗi. Tsakar gida ya yi tsit, duhu ya fara taruwa a gindin katanga. Dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin Inna. Wani ya biyo shi. Sannan wayarta, tana kife a kan tabarma ba mai taɓa ta, ta kira sunanta a hankali.

"Wane ne?" in ji Inna.

Ni kuwa ina tsugune a bayan tankin ruwa, aljihuna cike da duwatsu, ina danna tawa wayar.

Haka aka yi ta yi duk faɗuwar rana. Auta ya bincike manhajarsa kaf bai ga komai ba, ya manta da shafin. Har ya fara ramewa, abin da ya yi min daɗi. Inna ta aika aka kira malam.

Dattijon ya zauna, ya daɗe yana addu'a, ya tofa wa wayar.

"Me kake nema a gidan bayin Allah?"

"Ku cire abin Auta daga wayar nan," in ji muryar. "Ku bar babban yana mata karatu. Sai in tafi."

"Har abada?"

"Har abada."

Inna ta ce ta yarda. Da na tsaya a nan, da na ci. Amma malam ya ce, "Faɗi jinsinka kafin ka fita," ni kuma na so in burge. Baƙin aljani na yi niyyar rubutawa, sai dai ban taɓa damuwa da harafi mai ƙugiya ba.

"Ni bakin aljani ne," in ji wayar.

Malam ya gyara zama.

"Baki kawai? To sauran jikin yana ina?"

"Mutum ɗaya ke rubutu ba ƙugiya a gidan nan," in ji Auta. "Yaya, fito."

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tunda aljanin da bakinsa ya yi alkawarin fita, kada ya sake taka mata ɗaki sai ya toshe duk hudar da ya yi mata a kwano.

Ga ni nan a sama da guduma a hannu. A ƙasa wayar na yi mata karatu, ina jin ta tana dariya.