Bokitin da Ya Ƙi Sauka

Yammacin da abin ya fara, babu abin da ya sauya a gidan Mai Tarakta. Rana ta yi ja a bayan katanga, matarsa tana kwashe shanya, shi kuma ya shigo da 'yar taraktarsa tana tari, bokitin gabanta cike da tsakuwar da zai kai wurin gini da safe. Ja ce ko shuɗiya, wannan ya kuɓuce mini. Ƙarama dai ce, irin mai shiga lungu, kuma da ita gidan ke ci.

Duk wanda ya koyi tuƙa irinta, abin da ake fara gaya masa shi ne kada ya sauka sai ya dire bokiti a ƙasa. Mai Tarakta ya san haka. Ya kuma san robar da ke cikin silindar hannuwan da ke ɗaga bokitin ta cinye, mai yana sulalewa ta ciki, har bokitin kan yi ta sauka da kansa a hankali yadda ido ba ya kamawa. Amma an kira magariba, ga shi ba shi da alwala. Ya kashe inji, ya bar bokitin a sama fiye da tsayin mutum, ya ce a ransa kafin safiya ai zai kai ƙasa.

Da ya dawo daga masallaci, tsakar gidan ta yi wani irin shiru. Kaji ba su shiga akurki ba, sun cure a kusurwa suna kallon inuwar da ke ƙarƙashin bokitin. Auta, 'yarsa da yayyenta suka yi aure suka bari a gida, tana tsaye da buta a hannu.

"Baba, jaririn wa ke kuka?"

"Na maƙwabta ne. Wuce ciki."

Sai da ya zauna cin abinci ya tuna maƙwabtan ba su da jariri.

Da safe bokitin yana nan inda ya bar shi. Ya tura liba gaba, wanda ko inji a kashe ya isa ya sauko da shi, bai motsa ba. Ya tayar da inji, famfon mai ya yi ta kuka kamar akuyar da aka ɗaure. Ya zaro ma'auni, mai a cike yake, bai yi kumfa ba, bai yi fari irin na wanda ruwa ya shiga ba. Ya kwance filta ya wanke. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, ko wani ya lanƙwashe. Duk sanda hannunsa ya koma kan liba, sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi, ƙwas. Da duhu ya fara shiga, jifan ya zama kamar ruwan ƙanƙara. Ya tsinci ɗaya ya duba. Tsakuwarsa ce, ta cikin bokiti.

Washegari ya kira Dogo, bakaniken da suka taso tare. Dogo ya zagaya taraktar yana dariya.

"Kai dai ba a iya maka. Da yana sauka ka hana ni barci, yanzu ya tsaya ka zo kana kuka. Ka biya aljanin da ya gyara maka mana, ka bar ni in huta."

"Bar wannan magana, Dogo. Duba bawul."

Dogo ya duba bawul ɗin da ke sakin mai, lafiyarsa lau. Ya goge hannu da tsumma ya ce saura hanya ɗaya, a kwance tiyon da ke riƙe da hannuwan, man ya fita. Ƙarfe ba shi da fuffuke, in babu mai dole ya sauko. Suka ja gefe, Dogo ya miƙa sufana ya murɗa. Mai ya tsinke ya malala a ƙasa, ya yi ta zuba har ya koma ɗiga. Suka ɗaga kai. Bokitin yana sama, cike da tsakuwa, babu abin da ke riƙe da shi.

Dariyar Dogo ta mutu a fuskarsa. A daidai lokacin aka ji ƙara daga ɗakin girki, da faɗuwar kwano.

Suka sami Auta a tsaye, hannuwanta biyu a miƙe sama, tafukan a buɗe kamar mai tallafe da rufin ɗaki. Jijiyoyin wuyanta sun tashi. Uwarta ta kama hannu ɗaya ta ja, kamar ta ja reshen bishiya.

"Baba, nauyi," in ji yarinyar. "Nauyi, Baba."

Kwana nawa aka yi a haka, ba zan iya rantsewa ba. An kai ta asibiti, aka yi mata allurar da ta saki duk jikinta ban da hannuwan. Aka dawo da ita. A zaune take kwana, in ma barcin ya zo. Uwar ke ba ta abinci a baki, ita ke share mata hawaye, domin yarinyar ba ta da hannun sharewa. Yatsun suka yi sanyi, suka fara duhu, kafaɗun suka kumbura. Mai Tarakta kuwa ya rasa inda zai sa kansa, sai ya maida haukansa kan ƙarfe. Ya buga da guduma. Ya ɗaura sarƙa ya kira maza suka ja. Ba ya jin ihun da ke fitowa daga ɗaki, ko yana ji bai haɗa biyun ba.

Matarsa ce ta fito ta tsaya tsakaninsa da taraktar.

"Baban Auta, don girman Allah ka saki sarƙar nan. Duk sanda kuka ja, kafaɗarta ke ƙara. Kashe min ita za ka yi?"

Ya dubi sarƙar da ke hannunsa, ya sake ta ta faɗi. Da kansa ya tafi ɗauko Malam.

Malam tsoho ne mai magana ƙasa-ƙasa, irin waɗanda sai an matso ake jin su. Ya iso rana tana faɗuwa. Ya daɗe yana kallon bokitin kafin ya shiga ɗaki, ya zauna gaban Auta ya fara karatu. Fitila ta yi ƙasa ba tare da an taɓa ta ba. Can sai kan yarinyar ya juyo, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, muryar mace babba wadda gajiya ta disashe.

"Ya isa, Malam. Ban da ƙarfin faɗa."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Matafiya ce ni. Naƙuda ta kama ni a hanya da magariba, na ga rumfa a tsakar gidan nan, na shiga na haihu. Ina na san rumfarku saukowa take yi? Na ɗaga kai na gan ta tana matsowa kan ɗana. Mu ba ma ɗaga jariri daga inda ya faɗo sai ƙafarsa ta taka ƙasa. Sai na tallafe. Man da ke ciki yana taya ni, da hannu ɗaya nake riƙo, ɗaya ina shayarwa. Suka zo suka zubar da shi. Da wane hannu zan shayar? Na ari nata."

"Aro ba da izini ba zalunci ne. Ba ta yi miki komai ba."

"Nawa ɗan fa, wa ya yi wa?"

Malam ya ce ta fita, ko ya ci gaba da karatu har ta ƙone. Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ƙona ni. In na saki, ƙarfen ya faɗa kan ɗana, nauyin duka ya faɗa kan kafaɗar 'yarku. Ku bar min ita har ya taka."

"Ba za ta kai ba," in ji uwar daga bakin ƙofa. "Dubi yatsunta, baiwar Allah. Ke ma uwa ce."

Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Sannan ya juyo.

"Mai Tarakta, ku in za ku yi aiki a ƙarƙashin bokiti, da man da ke ciki kuke dogara?"

"A'a, Malam. Tokarewa muke yi da gungume."

"To kin ji. Za a tokare miki rumfa, ba ke ba riƙo, ba ita ba riƙo."

Sai muryar ta kafa sharaɗi. "Kada a tayar da inji, hayaƙin yana shaƙe shi. Kada a taɓa rumfar har in tafi, kuma ba zan faɗi ranar ba. Sannan wanda ya bar ta a sama, shi zai shiga ya tokare."

Mai Tarakta ya san ma'anar wannan. Aikin ginin zai tafi, na bayansa ma haka, a lokacin da kowa ke neman tarakta. Bai bari ta rufe baki ba ya ce ya yarda.

Dogo ya kawo gungume biyu masu kauri, ya ajiye nesa, ya ce iyakarsa ke nan, a yafe masa. Mai Tarakta ya rungumi ɗaya. A bakin inuwar ya tsaya ya ɗaga kai. Ƙarfe da tsakuwa suna rataye a samansa, babu mai a ciki, babu abin da ke riƙe da su sai hannun wadda ba ya gani da hannun 'yarsa. Ya yi sallama, ya shiga. Wurin da ɗumi, da ƙamshin ɗakin jego. A ƙasa akwai wani ɗan gurbi kamar inda aka ajiye ƙwarya, ya kauce masa da ƙafa. Ya kafa gungumen farko a ƙarƙashin hannun dama na bokitin, ya koma ya ɗauko na biyu. Yana buga masa katako don ya matse, ya ji wani ƙaramin numfashi kusa da idon sawunsa. Bai duba ba. Ya fito da baya.

"Saki," in ji Malam daga ɗaki.

Ƙarfen ya yi nishi, ya zauna kan gungumen, tsakuwa kaɗan ta zubo. A ɗaki, hannuwan Auta suka sauko a hankali har kan cinyarta. Ta dube su, ta ce da muryarta ta yara, "Mama, ƙishirwa nake ji," kuma da kanta ta karɓi kofin ruwa.

Taraktar ta daɗe a tsaye, har ciyawa ta fito a gindin tayarta. An sha wuya a gidan, ba wanda ya yi ƙorafi. Wata safiya suka tashi suka tarar da bokitin a dire a ƙasa, gungumen biyu a jingine da katanga, an share tsakuwar da aka yi jifa da ita an tara wuri guda. A inda man ya malala akwai sawu biyu, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, sun nufi ƙofa.

Dogo ya canza robar silinda, domin ita dai da gaske ta cinye. Kafaɗar Auta ta hagu takan yi mata tsami in magariba ta yi. Mai Tarakta bai sake barin bokiti a sama ba. Kuma kullum kafin ya dire shi, sai ya leƙa ƙasa ya ce, "A gafara," ya ɗan jira, sannan ya tura liba.