Mai Fim ɗin Tsoro Ya Shiga Jirgin Ruwa

Ranar kasuwar Lolo Mudassiru ya fara ganin Munira, tana juya kifi a kasko tana kwaikwayon muryar tsohuwa don ƙawayenta su yi dariya. Ya tsaya sororo, har ya manta abin da ya kawo shi.

Shi fa fim ɗin ban tsoro yake haɗawa, ba kyamara ba taron 'yan wasa. Komai a fuskar waya ɗaya yake faruwa: saƙo ya shigo, kira ya katse, hoto ya motsa.

"Ki ara mini muryarki," ya ce.

"Sayi kifi tukuna, Malam."

Ya saya. Kafin wata ya zagayo muryar ta shiga fim, mai muryar ta shiga zuciya.

"Tauraruwata, yini na yi ina sauraronki. Ban ji tsoro ba, kewa na ji," ya rubuta mata.

"Daraktana, ci abinci dai," ta mayar.

Fim ya fito: wani masunci ake kira a waya daga ƙarƙashin ruwa, a mashigar Gungun Dela. Abin ya yi kama da gaske, aka yi ta turawa har Benin. Masunta suka ƙaurace wa wurin, ciki har da masu ja wa Malam Usuman, mahaifin Munira, taru.

Da maganar auren Mudassiru ta kai kunnen Malam Usuman, sai ya ce, "Wanga da ya kore min mutane daga ruwa zan ba ɗiyata? Ga wani manemin, Muhsin, can ƙetare yana jira!"

Munira ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Mudassiru ya je ya durƙusa.

"Baba, wallahi shiri ne."

"Ni na sani. Tashi mu tahi wurin, ka ɗauka kowa shi gani."

To, gwanin tsorata mutane ko rafi bai taɓa tsallakawa ba. Amma ya tuna Munira, ya shiga jirgin. Ba wata fatalwa, shi kaɗai wayar ta ɗauka: gumi, addu'a, hannu ƙanƙame da rigar tsoho. Da bidiyon ya bazu, gari ya yi dariya har da hawaye, washegari taru ya koma ruwa.

A ranar kuwa, da suka dawo bakin gaɓa, Malam Usuman ya ɓamɓare yatsun saurayin daga rigarsa.

"Kana tsoro haka, kuma ka shiga? Turo magabatanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure a Bagudo. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, amin.