Ratar da Kafinta Ya Bari

Da hantsi aka kira Sufeto Moriwaki gidan Irie da ke bakin teku. Tsohuwar gidan ta yi tuntuɓe a ƙofar ɗakinta, ta bugu a ka, ta cika. Faffaɗan katakon daɓen ne ya kumbura ya tashi kamar bayan kunkuru.

Ɗanta Takuma ya riga ya gama shari'a. "Kafinta Hamaguchi ne ya jawo, Yallaɓai. A ɗaure shi."

Moriwaki ya tuɓe takalmi ya shiga, gumi ya manna masa riga a baya. Sati uku ana ruwa, ga shi ba abin da ya tsana irin mai ƙarar da ke koya masa aiki.

Ya sami kafintan a shagonsa, tsoho ne mai taurin kai.

"Baba, me ya sa ka zaɓi katako mai faɗi a gari mai laima haka?"

"Marigayiyar ce ta zaɓa. Wata guda na jibge shi a gidan ya saba da iskar teku. Na kuma bar ratar yatsa tsakaninsa da bango, don in ya sha damina ya sami wurin miƙewa. Shekara arba'in ina wannan aikin, ɗana."

"Ban ga rata ba."

"To ba ka durƙusa ba ne."

Sufeto ya haɗiye takaici, ya koma gidan ya durƙusa. A falo ratar tana nan. A ƙofar tsohuwar kuwa an cusa siraran itace an liƙe da gam, yankan ma a karkace.

"Wa ya taɓa nan?"

"Ba kowa," in ji Takuma.

Moriwaki ya buɗe akwatin da ke ƙarƙashin matakala. Ga ƙaramin zarto, ga ragowar itacen. Ya juya ga Takuma.

"Sau biyu ke nan kana raina mini hankali. Tsoho zai shiga kurkuku saboda bakinka."

Takuma ya zauna daɓas. "Shanshani ne ke fitowa ta ratar. Sau biyu yana cizon Mama. Kullum sai ta ce, 'Takuma, ba za ka toshe ba?' Na toshe. Da na gan ta a kwance, na kasa cewa ni ne."

Moriwaki ya ji haushin ya koma tausayi, amma ƙarar ƙarya laifi ce. Ya kama shi a hannu suka nufi mota.

A bakin ƙofa suka ci karo da Hamaguchi, riƙe da furanni da turaren makoki. Ya ji komai daga waje. Ya dubi Takuma ya girgiza kai.

"Da ka kira ni, ai raga zan sa wa ratar, ta hana shanshani fitowa. Aikin minti goma ne."