Minti Tara da Za a Yanke

Hantsi ya ɗaga lokacin da Mannir mai ɗaukar bidiyo ya shigo caji ofis na Batsari yana haki. Insfekta Haliru ya tura masa kujera.

"Yallaɓai, katin kyamarata aka sace. Bikin gidaje uku ne a ciki, ko ɗaya ban juye a faifai ba. Da wane ido zan kalli mutane?"

A shagon, Insfekta ya tarar ba a fasa ƙofa ba, ga kyamara, ga kwamfuta. Duk wanda ya tsallake waɗannan ya ɗauki ɗan abin da bai fi kan yatsa ba, ba sayarwa zai yi ba.

"Wa ya shigo jiya?"

"Malam Mani na Karare da 'yarsa Rahma. Bikinta na ɗauka wata biyu da suka wuce."

"Me ka faɗa musu?"

"Na ce hoton nan mai fitowa garau cin wuri gare shi a kati. Dole in sauya fasalin bidiyon, in yanke tarkace, sannan in goge katin don wani aikin. Akwai minti tara da na manta kyamara a kunne bisa turmi na tafi sallah. Ba komai sai ƙafafun mata da hayaƙi. Na nuna musu ma."

A Karare, Rahma ce ta fito zauren gidan mahaifinta. Suka gaisa a tsanake.

"Baba ya kai gyaɗa Safana," in ji ta, idonta a ƙasa. "Jiya ko kusa da teburin Mannir bai je ba."

Insfekta bai ambaci teburi ba tukuna. Ya dubi buhunan gyaɗa a jingine, a ɗaure, ba inda aka kai su.

"Mahaifiyarki fa?"

"Inna ta rasu kwana goma bayan bikina."

"Allah Ya jiƙanta." Ya cire hularsa, ya daɗe bai mayar ba.

A bakin kasuwar Safana, wani mai cajin waya ya tuna da dattijon. "Ya kawo wani katin kyamara wai in sa masa a 'yar wayarsa rakani-masallaci. Na ce Baba, wannan ko da guduma ba zai shiga ba! Sai ya tambaye ni layin dukawa."

Can Insfekta ya same shi, a tsugunne gaban baduku. An riga an yanka jar fata, an naɗe katin a takarda, za a ɗinke shi kamar laya.

"Salamu alaikum, Baba. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya." Mani ya dubi kakin Insfekta. "Laya ce ta jikana."

"Baba, 'yarka wata biyu ke nan da aure."

 Dattijon ya warware takardar.

"Ni na ɗauka, ɗana. Shekara talatin da ɗaya muna tare da Zuwairatu, ko hoto ba ta yarda a ɗauke ta. Ranar biki ma gudun kyamara ta yi ta yi. Jiya yaron nan ya kunna wurin turmin, sai na ji ta, tana faɗa wai an cika wa miya gishiri, tana dariya. Shi kuwa ya ce tarkace ne."

"Me ya hana ka roƙe shi ya bari?"

"Da furfurata, a gaban 'yata, in ce muryar matata nake so in ji?"

Insfekta ya tuna da tasa uwargidan, wadda ya fito da safe bai ko tsaya amsa mata a dawo lafiya ba.

"Da allurar nan ta huda shi, Baba, da kai da gidaje biyu kun yi asara. Dole mu je ofis ka ba da jawabi. Amma ta shagon Mannir za mu bi. Minti taran nan faifansu daban zai yi, ni zan faɗa masa, ba kai ba."

Ya miƙa hannu ya tashe shi. A kan babur Mani ya riƙe katin a ƙirji.

"Ɗana, ka tafi a hankali," in ji shi. "Ba ta son gudu."